Shirun Ɗaliban Sin a Aji da a Coci: Abin da Malamai Kiristoci Suke Kasa Ji

Me ya sa ɗalibin da ya fito daga ƙasar Sin zai yi wata uku a aji bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, amma ranar jarrabawa ya bar masu yawan magana a baya? Idan kuma wannan ɗalibin ya zo coci, ya ci abinci, aka tambaye shi ko yana so ya bi Yesu, ya sunkuyar da kai ya ce "e", me wannan "e" ɗin take nufi?

Maganar ta sake tasowa ne saboda ɗaliban Sin sun shiga bakin duniya. A watan Mayun 2025 sakataren harkokin wajen Amurka, Marco Rubio, ya ce za a tsananta soke bizar ɗaliban Sin masu alaƙa da jam'iyyar Kwaminis ko masu karanta wasu fannoni da Amurka take kishi a kansu. Tun kafin nan yawansu ya fara ja da baya: daga sama da dubu 372 a zangon karatu na 2019 zuwa 2020, suka koma kimanin dubu 277 a zangon 2023 zuwa 2024, har Indiya ta karɓe matsayi na farko. A Birtaniya akwai wajen dubu 150. Ɗan siyasa yana yi musu kallon zargi, jami'a tana lissafin kuɗin makarantarsu, mu kuma a ikilisiya mukan ce Allah ya kawo mana gonar girbi har ƙofar gida. Na zauna aji ɗaya da su lokacin da nake digiri na biyu a wani gari a arewacin Ingila, kuma na yi shekara biyu ina taimakawa a zaman hirar Turanci da cocinmu take shirya wa baƙin ɗalibai daren Juma'a. Abin da na gani shi ne, muna ɗokin koyar da su, amma mun yi ragwanci wajen koyon su waye su.

Abin da ɗalibin ya shigo da shi

Kafin yaro Basine ya taka jirgi, ya riga ya ratsa wata hanya da ta gyara masa tunani a kan mene ne karatu. Sunan hanyar gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga watan Yuni kowace shekara. A 2024 ɗalibai miliyan 13 da dubu 420 suka yi rajistarta. A ranakun nan ana tare tituna kusa da cibiyoyin jarrabawa, a dakatar da aikin gini don kada ƙara ta dami yara, iyaye kuma su yi cincirindo a bakin ƙofa cikin rana. Makin da yaro ya samu shi zai yanke jami'ar da zai shiga, jami'ar kuma ta yanke irin aikin da zai samu. Ko waɗanda iyayensu suka fitar da su waje don su kauce wa gaokao, a inuwarta suka girma.

Abin ya daɗe. Tun zamanin daular Sui, wajen shekara 1,300 kafin a soke tsarin a 1905, ta hanyar jarrabawa sarakunan Sin suke zaɓen ma'aikatan mulki. Ɗan manomi da ya haddace littattafan Konfushiyas, babban malamin Sin na dā, yana iya zama babban jami'i, ya ɗaga danginsa duka. An dakatar da jarrabawar shiga jami'a a lokacin juyin al'adu na shugaba Mao daga 1966, wani jagoran ƙasar, Deng Xiaoping, ya dawo da ita a 1977. Kakannin ɗaliban yau sun ga lokacin da aka rufe ƙofar ilimi, sun kuma ga lokacin da aka buɗe ta, don haka ba sa ɗaukar karatu da wasa. Gasar ta yi tsananin da a watan Yulin 2021 gwamnati ta hana kamfanoni koyar da darasin bayan makaranta don riba a manyan darussa.

Sai a haɗa da dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015. Yawancin ɗaliban da suka fito daga birane ba su da wa, ba su da ƙane. Kakanni huɗu da iyaye biyu, duk idonsu a kan mutum ɗaya. Kuɗin makarantar baƙon ɗalibi a Birtaniya yakan haura fam dubu 20 a shekara, ban da haya da abinci, kuma ba duka ne 'ya'yan attajirai ba. Akwai wanda tanadin iyayensa na shekara ashirin ne yake ci.

Sinawa suna da kalma ɗaya da ta ƙulle wannan duka: xiao, wato biyayya da kyautata wa iyaye. A rubutunsu, alamar kalmar tsoho ce a sama, ɗa a ƙasa yana ɗauke da shi. Tun 2013 ma doka ta wajabta wa 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu tsofaffi. Saboda haka ɗalibin da yake zaune gaban malami bai zo shi kaɗai ba. Gida guda ne zaune a kujerar.

Shiru da hadda

Ƙorafin da malaman Turawa suka fi yi shi ne ɗaliban Sin ba sa magana, ba sa jayayya, sai haddacewa. A shekarun 1990 wasu masana ilimi a Jami'ar Hong Kong, John Biggs da David Watkins, suka tsaya a kan wata tambaya: idan hadda ce kawai ba fahimta, me ya sa waɗannan ɗalibai suke zarra a lissafi da kimiyya? Abin da binciken ya nuna shi ne, a wurin ɗalibin Sin maimaitawa hanya ce ta kai wa ga fahimta. Yana nanata abu har ya zauna, sannan ma'anar ta buɗe masa a hankali, sai bayan nan ya ga ya isa ya yi tambaya. A ajin Bature tambaya ce take buɗe karatu. A ajin Basine ita ce take zuwa a ƙarshe.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Duk wanda ya taso kusa da makarantar allo ya san darajar tilawa, ya san almajiri ba ya katse malam, ba ya zuba masa ido. Mu ma a makarantar Lahadi da haddar aya muka fara, ma'anar wasu ayoyin sai da muka girma ta zo mana. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga Kirista ɗan Afirka ya ari idon Bature yana raina ɗalibin Sin saboda shirunsa.

Akwai wani saurayi a ajinmu, ɗan lardin Shandong. Malamarmu takan ce kowa ya kira ta da sunanta kai tsaye, shi kuwa bai taɓa iyawa ba. Wata rana ta yi kuskure a wani lissafi a kan allo. Na ga ya lura, domin alƙalaminsa ya tsaya, amma bai ce uffan ba. Da aka tashi ya jira kowa ya fita, ya matsa kusa da ita da littafinsa a buɗe, ya ce shi ne bai gane wannan layin ba, ko za ta taimaka ta sake duba masa. Tana dubawa ta ga kuskurenta. Ya gyara mata ba tare da ya kunyata ta ba, har ya ɗora rashin ganewar a kansa. Sinawa suna kiran abin da ya kare mianzi, a zahiri fuska, mu kuma mutunci za mu ce. A takardar tantance ɗalibai kuwa, maki kaɗan ya samu a sashen shiga tattaunawa.

Ba wai malaman Turawa ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Jami'a wuri ne na auna hujja, kuma ɗalibin da ba zai iya cewa marubuci ya yi kuskure ba zai sha wuya a digiri na biyu. Ana kuma samun matsala ta gaske a kan kwafar maganar masana ba tare da ambaton mai ita ba, abin da jami'o'in Yamma suke hukuntawa a matsayin sata. Wani lokaci kuma shirun ba al'ada ba ce, Turancin ne bai zauna ba, ko kaɗaici ne ya danne yaro. Dole a koya musu dokokin sabon wurin, a fili, ba a bar su su yi ta lalube ba. Amma malami Kirista yana da dalilin da zai sa ya yi haƙuri fiye da kowa. Luka ya nuna mana Yesu yana ɗan shekara goma sha biyu a Haikali, zaune a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi. Sauraron ne ya zo da farko. Yakubu ma cewa ya yi kowa ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana. Malamin da ya ba da tambaya tun ana gobe, ko ya raba aji gida uku uku, ko ya bar ƙofar ofishinsa a buɗe bayan darasi, zai sha mamakin abin da yake cikin kan waɗannan masu shirun.

"E" ɗin da ba ta kai zuci ba

Nan ne abin ya fi damuna, domin nan ne laifin ya fi zama namu.

Ikilisiyoyi da yawa a Birtaniya da Amurka da Ostareliya suna yi wa ɗaliban Sin hidima ta gaske. Ana ɗauko su daga filin jirgi, a nuna musu inda ake sayen shinkafa da rahusa, a duba musu rubutu, a gayyace su cin abincin Kirsimeti. Wannan daidai ne, Littafin Firistoci ya ce mu ƙaunaci baƙo kamar kanmu. Sai dai a al'adar Sinawa alheri bashi ne. Suna kiransa renqing: wanda ya yi maka, dole ka rama, in ba haka ba ka zama mara mutunci. Suna kuma da karin maganar da take cewa wanda ya koyar da kai kwana ɗaya ya zama ubanka har abada. To ka ɗauki yarinyar da wata dattijuwa a coci ta ciyar da ita wata shida, ta kai ta asibiti da ba ta da lafiya. Ranar da dattijuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Kina so ki karɓi Yesu?", wace amsa ce ta rage mata? Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na ga daren da mai wa'azi ya ce duk mai son ba da ransa ya ɗaga hannu. Ɗaliban suka saci kallon juna, babbar cikinsu ta ɗaga, sai sauran suka bi. Aka yi ta murna, aka rubuta adadi a rahoton wata. Bayan mako biyu na tambayi ɗaya daga cikinsu me ya fahimta a daren. Ya ce mini mutanen kirki ne, bai so mai wa'azin ya ji kunya ba. Ba ƙarya ya yi ba, ladabi ya yi. Mu ne muka fassara ladabi da tuba. Yesu da kansa ya ba da misalin 'ya'ya biyu a Matiyu 21, wanda ya ce "to" bai je gona ba, da wanda ya ce "a'a" daga baya ya je, don mu san ba a auna zuciya da amsar baki.

Tarihin bishara a Sin ya san wannan ciwo, har aka yi wa masu shiga coci don abin duniya laƙabin Kiristocin shinkafa. Labarin Yung Wing ya isa darasi. Wani ɗan mishan, Samuel Robbins Brown, ya tafi da shi Amurka a 1847. Da lokacin shiga jami'a ya yi, aka yi masa tayin tallafi bisa sharaɗin ya yi alkawarin komawa gida a matsayin ɗan mishan. Kirista ne, kuma ba shi da kuɗi, amma ya ƙi, domin bai yarda a ɗaure masa hanyar da zai bauta wa ƙasarsa ba. Wasu suka tallafa masa ba sharaɗi, ya gama Yale a 1854, Basine na farko da ya sami digiri a jami'ar Amurka. Shi ne daga baya ya shawo kan gwamnatin Qing ta tura yara 120 karatu Amurka daga 1872. A 1881 aka kwashe su aka mayar gida, saboda hukuma ta ga suna watsar da al'ada, wasu ma sun zama Kiristoci. Cikin yaran nan 120 har da Zhan Tianyou, wanda ya gina layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou. Tsoron da iyayen yau suke ji, na cewa za a mayar musu da ɗa baƙo, ya fi shekara ɗari da arba'in.

Ko kalmomin ma suna da tarko. Kalmar da Littafi Mai Tsarki na Sinanci ya yi amfani da ita don zunubi, zui, a maganar yau da kullum laifi take nufi irin wanda ake kai mutum kotu. Ka ce wa yarinyar da ba ta taɓa saɓa wa iyayenta ba ita mai zui ce, sai ta ɗauka zagi ne. Amma fa akwai ƙofofi a buɗe. Fassarar 1919 da yawancin masu bi suke karantawa har yau ta buɗe Yohanna da cewa tun fil azal akwai Dao, wato Hanya, kalmar da masanan Sin suka yi shekaru dubbai suna tunani a kanta. Na kuma ga yadda labarin ɗan da ya ɓatar da gadonsa yake girgiza su. Yaron da aka yi rainonsa da maki tun yana ɗan shekara shida, idan ya ji uba ya sheƙa da gudu ya rungumi ɗan da ya zubar masa da mutunci, yakan yi shiru na wani irin daban. Wani ya taɓa ce mini, "Babu uban da zai yi haka." Daga wannan gardamar aka fara karatu na gaskiya, kuma ya ɗauki fiye da shekara.

Kabarin kaka

Tambayar da ɗalibi mai neman gaskiya yake yi ba ta cika zama a kan ko akwai Allah ba, duk da cewa a makaranta an koya masa babu. Abin da yake tambaya shi ne, "Me zan gaya wa mahaifiyata?" A farkon watan Afrilu ake bikin Qingming, iyali su je su share kaburburan kakanni, su ajiye abinci, su ƙona turare da kuɗin takarda, su rusuna. Idan ɗa ɗaya tilo ya ce ba zai yi ba, wa zai yi wa iyayen idan sun mutu?

Kiristoci sun daɗe suna saɓani a kan wannan. Matteo Ricci, ɗan Italiya na ƙungiyar Jesuit ta Katolika, ya isa Macau a 1582, ya koyi harshen, ya sa rigar malaman Konfushiyas, ya shiga Beijing a 1601. Tare da abokinsa Xu Guangqi suka fassara sashen farko na lissafin Yuklid a 1607. Shi a ganinsa rusuna wa kakanni girmamawa ce, ba sujada ba. 'Yan Dominikan da Faransiskan, wasu ƙungiyoyin Katolika, suka ce bautar gumaka ce. Fafaroma Clement na 11 ya haramta a 1704, ya jaddada a 1715, sarkin Sin, Kangxi, ya fusata ya ce a hana wa'azin Turawa a 1721. Sai a 1939 Fafaroma Pius na 12 ya sassauta. A ɓangaren Furotesta, babban taron 'yan mishan na Shanghai a 1890 ya ƙi yarda da sassauci, kuma har yau yawancin ikilisiyoyin bishara na Sinawa suna hana ƙona turare da miƙa hadaya, amma suna ƙarfafa zuwa kabari, da shara, da ajiye furanni, da addu'ar godiya.

Ga kuma tabon tarihi. 'Yancin shiga cikin ƙasar da 'yan mishan suka samu ya zo ne ta yarjejeniyoyin da aka tilasta wa Sin bayan yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi da ita a kan cinikin ofiyom, wani abin maye. Daga nan aka sami zancen nan na cewa duk Kirista ɗaya da aka ƙaru, an rasa Basine ɗaya. Kirista Bahaushe ya san zafin irin wannan magana, domin shi ma an sha ce masa ya bar gida ya bi addinin Bature.

A nawa ganin, baƙon malami ba shi ne zai yanke wa ɗalibi hukuncin abin da zai yi a gaban kabarin kakansa ba. Umarnin girmama uba da uwa yana nan a Fitowa 20, maganar Yesu cewa wanda ya fi ƙaunar iyayensa a kansa bai cancanci zama nasa ba ita ma tana nan a Matiyu 10, kuma ba a share ɗaya don ɗaya. Waɗanda suka fi sanin yadda ake riƙe biyun su ne masu bi Sinawa da suka riga suka bi ta wannan ƙaya. Aikinmu mu haɗa shi da su da wuri. Lokacin da Na'aman ya kawo wa Elisha damuwarsa ta rusunawa a haikalin gunkin Rimmon tare da maigidansa, annabin bai ɗora masa kaya ba, sallamarsa ya yi da salama.

Bayan an koma gida

Yawancin ɗaliban nan komawa suke yi, kuma masu wannan hidima sun daɗe suna kukan cewa da yawa daga waɗanda aka yi wa baftisma a waje ba sa ɗorewa. Dalilan a bayyane suke. Ɗalibi ya san Yesu da Turanci, bai taɓa addu'a da harshen uwarsa ba. Ya saba da cocin da ake shan shayi ana hira, sai ya tarar da zaɓi biyu: cocin da ke ƙarƙashin ƙungiyar da gwamnati ta amince da ita tun 1954, ko ikilisiyar gida da ba ta da rajista, wadda ba ta saurin yarda da baƙuwar fuska. Tun da sabbin dokokin addini suka fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2018, an ƙara matsa lamba, kuma a larduna da dama an hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga coci. Jam'iyyar Kwaminis mai mambobi wajen miliyan 100 ba ta yarda ɗanta ya yi addini ba, don haka mai neman aikin gwamnati, ko wanda mahaifinsa ɗan jam'iyya ne, yana da abin da zai rasa. Wannan ma dalili ne da zai sa coci ta daina ɗora hotunan baftismar ɗaliban Sin a Facebook ba tare da tunani ba.

Wata ɗaliba da muka yi karatun Markus tare, wadda take kirana laoshi, wato malam, duk da na sha roƙonta ta bari, ta ƙi baftisma har ta gama karatunta. Wasu a cocinmu suka ɗauka ta ja da baya. Ita kuwa cewa ta yi ba za ta yi a ɓoye ba, sai ta gaya wa iyayenta ido da ido. Muka samo mata Littafi Mai Tsarki na Sinanci, muka haɗa ta da wata ikilisiyar Sinawa a gari na kusa don watanninta na ƙarshe. Ta koma a watan Satumba. Da Afrilu ya zagayo ta aiko mini da saƙo: ta bi iyali zuwa kabarin kakanta, ita ta yi sharar, ita ta cire ciyawa, ta ajiye furanni. Da aka miƙo mata turare ta ce wa mahaifinta a hankali ya riƙe mata. Ya dube ta, ya karɓa, bai ce komai ba har suka iso gida. Da dare mahaifiyarta ta shigo ɗakinta ta ga littafin a kan gado, ta ɗauka ta juya shi, ta tambaye ta ko a ciki an ce mutum ya rabu da iyayensa. Ta buɗe mata Fitowa 20, ta miƙa mata ta karanta da kanta.